Abin da Muka Tarar a Adakar Tsohuwa: Tarihin Rubutu da Hoto da Girki a Zangunan Arewacin Togo

  

A watan da ya gabata, dattijon da muke yi wa hidimar rubutu ya sa aka jawo wata adakar ƙarfe daga ɗakin mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta, domin ana neman takardar wani fili da ake ta ja-in-ja a kansa. Takardar filin dai har yau ba mu gan ta ba. Abin da muka tarar a ciki shi ne damin takardun ajami a wata gafaka da ta bushe ta tsattsage, da hotuna 27 a ɗaure cikin ƙyalle, da wani kaye mai shuɗin bango irin wanda yara ke zuwa lakwal da shi. Gara ta riga mu, ta cinye abin da ya kai sulusin takardun. Muka shimfiɗa sauran a tabarma cikin zaure, samari suka kewaye mu suna leƙe. Dukkansu sun yi allo, wasunsu ma sun sauke, amma da muka miƙa wa ɗaya takarda muka ce ya karanta, sai ya yi layi biyu ya tsaya, ya ce wannan Larabcin bai san shi ba. Alhali Hausa ce, harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi.

Wannan ne ya sa muka ga dacewar mu waiwaya mu tambayi kanmu: su wa suka rubuta mu, su wa suka ɗauki hotonmu, kuma ina abin da suka bari ya shiga?

Kowa ya san goro ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. Fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da Jega, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, sannan su shigo ƙasar Kotokoli su bi ta Basari su nufi Salga a ƙasar Gwanja. Wata hanyar kuma ta arewa ce, ta ƙasar Gurma, wadda ke saukowa a Mango. Sunan garin ma shaida ne, domin Sansanne-Mango da ake gani a taswira kalmar nan ce tamu ta sansani. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne gaba a wannan fatauci. Suna kawo kanwa da riguna da turkuɗi da fatu da dabbobi, su koma da goro a kan jakuna. Baturen nan Clapperton ya ci karo da wani ayari a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun kai dubu. A nan Sokode, unguwar Didawure ta riga tashar Turawa, domin tun kafin Jamusawa su kafa barikinsu a ƙarshen ƙarni na 19 a ƙarƙashin Dakta Kersting, Musulmi 'yan kasuwa na zaune a wurin, Wangarawa da Dandawa da Hausawa, a inuwar sarakunan Kotokoli.

Ayari ba ya tashi sai da madugu da jagaba da uban dawaki, amma akwai mutum guda da masu ba da labari suka cika mantawa da shi, wato malamin ayari. Shi ke duba ranar tashi, shi ke ja salla, shi ke raba gadon wanda ya mutu a hanya, shi ke rubuta bashi da amana da wasiƙar da za a kai gida. Takarda a wancan zamani abu ne mai tsada, daga Italiya ake kawo ta ta hamada, kuma wanda ya ɗaga ta a rana zai ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Biyu daga cikin takardun adakar nan suna da wannan tambari. Tawada kuwa ta gawayi ce da ƙaro, alƙalami na gamba. Mutumin da ya sha wahalar samun waɗannan ba zai ɓata su a banza ba, to amma duk da haka, a gefen lissafin goro da na kanwa, sai ka ga malam ya saki hannu ya rubuta abin da ba wanda ya sa shi: shekarar da fari ta sauka, ranar da wata ya yi husufi, sunan kogin da ya ci jakuna bakwai, baiti huɗu na begen Kano. Wannan rubutun gefe, wanda babu lada a kansa sai sha'awa, shi ne ya fi tsaya mana a rai.

Idan ana maganar masu irin wannan sha'awa, to babbansu shi ne Alhaji Umaru na Kete-Karachi, wanda wasu ke kira Imam Umaru, wasu Umaru Salga. Mun ce namu ne, kuma muna da hujja, domin a shekarun da ya yi mafi yawan rubutunsa na zube, Kete-Karachi na cikin Togo ta Jamus, ƙasa ɗaya da Sokode da Mango da Yandi. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi ne, mahaifinsa malami ne kuma bafatake mai zuwa Gwanja. Ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato, kuma tun yana ɗan shekara ashirin, a 1877, ya wallafa littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, wato yadda ake rubuta wa sarki da malami da aboki, abin da kowane malamin ayari ke bukata. Ya zauna a Salga, inda ya san Bajamushe Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen garin ke kira Malam Musa, mai yawon tattara harsuna da rubuce-rubuce. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar ƙasar, kasuwar Salga ta watse, fatake suka bazu, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi, wasu Kete-Karachi inda Jamusawa suka kafa tasha a 1894. Can Malam Umaru ya koma, ya zama limami, can kuma Allah Ya karɓi ransa a 1934.

A Kete-Karachi ne ya haɗu da Adam Mischlich, wanda ya zo Afirka a matsayin ɗan mishan na Basel, daga baya ya shiga aikin mulki ya zama jami'in gundumar. Mischlich na son koyon Hausa, Malam Umaru kuma na da abin faɗa da ya fi ƙarfin waƙa. Sai malam ya riƙa cika takardu da ajami yana ba shi: tarihin Kabi da sauran ƙasashen Hausa, labarin jihadi, yadda ake noma, yadda ake rini da saƙa da jima da ƙira, yadda kasuwa ke ci, yadda ayari ke tafiya. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Malaman zamaninsa sun ɗauki alƙalami abin fiƙihu da tauhidi da wa'azi da madahu, shi kuwa ya ga cewa marina da majema da masu kwando a kasuwa su ma sun cancanci a rubuta su. A waƙa ma haka yake, ya yi ta talauci da wadata, ya yi ta zuwan Nasara, ya yi ta annobar murar da ta ratsa duniya a 1918, har ya juya wasu waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa.

Akwai abin da ke damun mu a wannan labari, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Mutumin da ya yi waƙa yana kukan yadda Nasara suka cinye ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma ke zama da jami'insu yana koya masa sirrin harshe da al'ada. Mischlich ya fitar da ƙamus ɗinsa na Hausa a Berlin a 1906, ya kuma fitar da littafi kan noma da sana'o'i da ciniki a 1942, sunan Bajamushen ne a bango, alhali jinin littafin na malam ne. Wannan zalunci ne irin na zamanin. Amma a gefe guda, da takardun sun tsaya a gafakar malam kaɗai, wa ya san abin da gara da damina za su bari? Tsohon garin Kete-Karachi ma kansa yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin Volta a Akosombo a shekarun 1960. Takardun da suka tafi Jamus su ne Douglas Ferguson ya fassara zuwa Ingilishi a kundin digirinsa a Amurka a 1973, su ne kuma Farfesa Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warso ya buga wani sashe nasu a shekara ta 2000. A Gana, Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta tura mutane gari-gari a shekarun 1960, cikinsu har da Alhaji Usmanu Boyo, suna aron littattafan malamai ana ɗaukar hotonsu ana mayar musu. Mu a nan, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar gidan da muka buɗe adakarsa.

Iyaka ce ta fara raba mu da wannan gado. Jamusawa sun miƙa wuya a Kamina a watan Agusta 1914, aka raba Togo tsakanin Ingila da Faransa. Kete-Karachi da Yandi suka faɗa hannun Ingilishi, kuma bayan ƙuri'ar 1956 suka shiga Gana. Sokode da Mango da Dapango suka zama na Faransa. Tun daga nan sai alƙalumanmu suka kama hanya daban-daban. A Arewacin Nijeriya an daidaita rubutun boko, aka yi gasar ƙagaggun labarai a Zariya a 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Mu kuwa lakwal ta Faransanci ce zalla. Da aka yi gyaran ilimi a 1975, harsunan da gwamnati ta zaɓa a koyar su ne Ewe da Kabiye. Ba mu ga laifin kowa a nan ba, mu 'yan tsiraru ne, hatta Kotokoli da Moba da suka fi mu yawa nesa ba kusa ba, ba a zaɓi nasu ba. Sakamakon dai shi ne muka saki ajami ba mu kama boko ba. Ku duba yadda yaranmu ke rubuta Hausa a Facebook da WhatsApp: ciki ya zama tchiki, kwana ya zama kouana, jiya ya zama djiya, ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba labarinsu. Ba ma yi musu dariya, domin su ne suka ƙi barin harshen ya mutu a yatsunsu, da haruffan da aka koya musu suka yi abin da za su iya.

Tsakanin ajamin kakanni da wayar jikoki akwai wani zamani da muka gani da idonmu, zamanin wasiƙar rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus ya biyo baya a shekarun 1960, Muryar Amurka a 1979. A kowane zango akwai mutum ɗaya ko biyu, galibi tela ko mai shago, da suka koya wa kansu boko daga littattafan da direbobi ke kawowa daga Kano, suka mayar da rubuta wa gidajen rediyo abin yinsu. Mutum zai sayi ambulan da kan sarki da kuɗin cefanensa, ya aika tambaya ko gaisuwa, ya yi wata biyu yana kasa kunne. Ranar da aka ambaci sunansa da na Sokode daga Landan, ranar ba ya sayar da komai, sai karɓar barka. Mun san wani dattijo a Dapango, Allah Ya jiƙansa, da ya riƙa kwafe kowace wasiƙa a kaye kafin ya aika, har kaye tara. Bayan rasuwarsa magada suka ba mai ƙosai, ta ƙulle wa mutane ƙosai da su.

Hoto kuwa daga bakin teku ya hauro mana. A Lome, Alex Acolatse, wanda ya koyi sana'ar a wajen gidan Lutterodt, ya buɗe shagonsa a farkon ƙarni na 20, ya yi shekaru kusan hamsin yana ɗaukar manyan gari da gine-gine. A arewa kuwa na'urar ta fara zuwa ne a hannun baƙi. A 1913 zuwa 1914 wani Bajamushe mai suna Hans Schomburgk ya zo da 'yar wasa Meg Gehrts suna ɗaukar fim, suka bi ta Sokode da Paratawo da Bafilo har Mango, ita kuma ta buga littafin tafiyar a Landan a 1915. A irin hotunan wancan zamani za ka ga kasuwa, ka ga masaƙa, ka ga mahaya dawaki da rawuna, amma mafi yawan mutanen ba su da suna. An rubuta ƙabilarsu ko sana'arsu a ƙarƙashi, shi ke nan. Wataƙila kakan wani mai karanta wannan yana cikinsu, yana kallon na'urar da ba a nemi izininsa ba kafin a kafa ta.

Iyayenmu sun daɗe suna ƙyamar hoto, kuma malamai sun yi ta saɓani a kan hukuncinsa, wasu suka haɗa shi da sassaƙa, wasu suka ce kama inuwa ne kamar madubi. Abin da ya karya gardamar ba fatawa ba ce, larura ce: katin shaida, da fasfon hajji, da takardar shiga lakwal. Waɗanda suka kai shekarunmu za su tuna mai hoton akwati da ke zama a bakin kasuwa. Akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da hannun riga baƙi a gefe. Zai zaunar da kai gaban ƙyalle, ya cire murfin gilashi ya ƙirga a zuci ya mayar, sannan ya zura hannu ya wanke takardar a cikin akwatin. Hoton farko kan fito a juye, fuska fara, rawani baƙi, sai ya manna shi a wani ɗan katako gaban gilashin ya sake ɗauka, na biyun ya fito daidai. Kafin ka gama cin goro ɗaya an miƙo maka kanka a jiƙe. Bakwai daga hotunan adakar irin wannan ne, kuma abin mamaki sun fi masu launi na baya ƙarko.

Daga shekarun 1980 ƙananan kyamarori masu fim suka yawaita, alhazai na dawowa da su daga Makka, 'yan kasuwa daga Legas da Kwatano. A nan ne aka samu masu ɗaukar hoto don sha'awa. Saurayi zai sayi fim mai ɗauka 36, ya yi ta tattalinsa daga ƙaramar salla har babba, ya ɗauki suna da walimar saukar Alƙur'ani da hawan dawaki da wasan wuƙaƙe na Adosa a watan Mauludi, sannan ya ba direba ya kai Lome a wanke, ya yi mako biyu yana addu'ar kada haske ya shiga. Mu ma mun taɓa wannan hauka a ƙuruciya. Akwai wani shago da muke bar wa fina-finanmu ajiya, muna ganin can suka fi tsira. Da sana'ar ta mutu bayan zuwan wayoyi, mai shagon ya tashi, wanda ya kama ɗakin ya share komai ya zuba a bola. A ciki har da hoton malaminmu na allo, wanda bai taɓa yarda an ɗauke shi ba sai sau ɗaya.

Irin wannan asara ba sabuwa ba ce a wajen mutanen zango, domin mu mutane ne da ake tasa. A 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka mayar da mutanensa can wajen Agwe. Wanda aka ba wa kwanaki ya kwashe kayansa, katifa da tukunya zai fara ɗauka kafin ya tuna da gafaka. Yau kuma 'yan'uwanmu na yankin Dapango ne ke cikin jarrabawa. Tun bayan harin da aka kai Kpekpakandi a watan Mayu 2022, da dokar ta-ɓaci da aka sa wa yankin Savanes a watan Yuni na shekarar, mutane da yawa sun baro ƙauyukan kan iyaka sun shigo gari da abin da hannu ya iya ɗauka. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Wani ɗan'uwa daga can ya gaya mana cewa yanzu ko ɗaga waya a kasuwa don ɗaukar hoto sai mutum ya duba hagu da dama, kada a yi masa wata fassara.

Saura kayen nan mai shuɗin bango, wanda da farko muka ture shi gefe muna zaton lissafin adashi ne. Na ƙanwar dattijon ne, wadda ta rasu ba ta bar ɗa ba. Da ajami ta rubuta shi, da bik, hannu mai kyau irin na wadda ta daɗe a gaban allo. Girke-girke ne, kusan hamsin. Ba mu taɓa ganin irinsa ba, domin girki a wajenmu daga hannu yake zuwa hannu, yarinya na tsugune gefen murhu tana kallo. Mace mai rubutu dai ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, tun daga Nana Asma'u 'yar Shehu da jajinta masu yawon karantar da mata, amma wadda za ta ga tuwo da miya sun isa a ɓata musu takarda, sai mai hali irin na Alhaji Umaru.

Ma'auninta gwangwanin tumatir ne da ludayi da tafin hannu. Ga yadda ta tsara shinkafa da wake, wanda duk Togo da Gana ke ci yanzu suna kira wace ko wakye, sunan da ya fito daga waken nan namu: a jiƙa wake tun dare, a dafa shi da karan dafi da ɗan ƙanƙanin kanwa har ruwan ya yi ja, a tsame karan, sannan a zuba shinkafa, kuma kada a buɗe tukunya sai an ji ƙamshi ya canja. Ga tubani, ga masa, ga koko mai citta da kanumfari da barkono, ga yajin tsitsinga da ake yi da ƙuli-ƙuli, ga fura. Wannan duk kayan ayari ne, abincin da matan fatake suka riƙa dafawa suna sayarwa a zango, har ya zama na kowa, masu ƙasa suka karɓe shi da sunayensa. To amma rabin kayen ba namu ba ne na asali. Akwai sakwara da miyarta, akwai yadda ake soya wagashi na Fulani a sa a miya, akwai dahuwar zabo irin ta mutanen Dapango. A ƙarƙashin kowanne ta rubuta wajen wadda ta koya: wannan daga maƙwabciya Bakotokoliya, wannan daga Bazabarmiya matar mahauci, wannan daga wata 'yar Moba da suka yi jinya ɗaki ɗaya. Mun karanta littattafan da masana suka yi a kanmu, na Raymond Delval kan Musulmin Togo da na Barbier da Klein kan garin Sokode, sun yi ƙoƙari ƙwarai, amma yadda matan zango da matan gari suka zauna da juna, a kayen nan muka fi ganinsa.

Har tarihin kuɗi yana ciki ba da niyyarta ba. Tana rubuta farashin kayan miya a gefe, dala kaza na mai, dala kaza na shinkafa. A wasu shafuka sai ka ga ta soke tsohon farashi ta rubuta sabo da jan bik, wasu sun kusa ninkawa. Ba ta sa shekara ba, amma duk wanda ya yi cefane a wancan lokaci ya san watan Janairu 1994 ne, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi. A shafin masa ta ƙara layi guda, cewa daga yanzu a riƙa haɗa shinkafar da garin masara.

Abin da muka yi da adakar kaɗan ne. Mun ɗauki hoton kowace takarda da waya, gaba da baya, muka ajiye a wuri uku, domin waya ma ɓata take yi, kuma mun ga waɗanda hotunan shekara goma suka tafi tare da wayar da ta faɗa rijiya. Mun sa ganyen darbejiya a cikin adakar, muka ɗora ta a kan bulo. Dattijo ya yarda duk ranar Alhamis bayan la'asar a zauna a zaurensa a karanta takarda ɗaya, a juya ta zuwa boko, samari huɗu ne ke zuwa, ɗaya ya fara gane hannun. Duk mai irin wannan ajiya a gidansu, a Sokode ko Dapango ko wani zango, da yake son a taya shi karantawa, ya yi magana a ƙarƙashin wannan rubutu, ba za mu raba shi da takardarsa ba.

Hotunan ne suka fi ba mu wuya, domin ko ɗaya ba a rubuta suna a bayansa ba. Dattijo ya gane mutane a guda 9. Sauran muka kai wa wata gwaggonsa da ta haura shekara casa'in, ita kaɗai ta rage a cikin sa'o'inta, sai muka tarar idonta ya tafi. Ta shafa hoton da yatsa, ta ce mu faɗa mata abin da ke ciki. Muka ce mata uku ne a tsaye, ta tsakiya ta fi tsawo, tana da zane mai zanen tsuntsaye, da tsagar kalangu a kumatu, ta ɗora hannu a kafaɗar wani yaro. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan zanen tare muka saye shi a kasuwar Jugu, shekarar da aka yi mata kishiya." Ta faɗi sunanta da na mijinta da na garin da aka auro ta, muka rubuta da fensir a baya. Mun yi guda 6 a ranar kafin ta gaji. Saura 12, ta ce mu dawo bayan salla.